Kaza da 'Ya'yanta: Mun Riƙe Sunaye, Mun Manta Taurarin

A hutun ƙarshen shekarar da ta gabata na je gida, wani ƙauye da ke tsakanin Rano da Kibiya, domin gaishe da baffana, ƙanin mahaifina, wanda ya haura shekara tamanin a duniya. Bayan sallar isha'i muka zauna a ƙofar gida muna jin ɗumin wutar kara. Hazon da ya kwana uku yana lulluɓe da gari ya washe, wata kuma bai fito ba, saboda haka sama ta cika fal da taurari har gefen duwatsu. Can sai Baffa ya ɗaga sandarsa ya nuna tsakiyar sama, ya ce, "Dakta, an ce har sha'anin sama kake koyarwa a jami'a. To, ga kaza can da 'ya'yanta. Nawa kake gani?" Na ƙirga a hankali, na ce, "Shida, Baffa." Ya yi dariya, ya ce shi da ƙuruciyarsa bakwai yake gani ba tare da ya runtse ido ba.

Sai ya juya wajen samarin da ke zaune tare da mu, su bakwai ko takwas, akasarinsu sun gama sakandare, biyu suna kwaleji. Ya ce wani ya tashi ya nuna masa Dabaran. Aka yi tsit. Ɗaya ya ce ya san sunan, domin yakan ji tsofaffi suna cewa "Dabaran ya shiga" idan damina ta matso, amma bai taɓa sanin cewa abu ne da ake gani da ido ba. Wani kuma, wanda ƙanwarsa ke da suna Surayya, ya yi mamaki da ya ji cewa Surayya ita ce kazar da ake nuna masa. Baffa bai yi faɗa ba. Ya dai ajiye sandarsa, ya ce, "Idan muka tafi, shi ke nan."

Wannan magana ce ta sa ni rubuta wannan maƙala. Mun gaji sunayen taurari a bakinmu, muna raɗa wa 'ya'yanmu su, muna ƙirga kwanakin shuka da su, amma masu iya ɗaga hannu su nuna su a sama suna ƙarewa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ɗan yankin nan na sama da Baffa ya nuna da sandarsa yana cikin wuraren da masana kimiyya suka fi samun ilimi daga gare su a duk faɗin samaniya. Ina so in zagaya da mai karatu cikinsa, tauraro bayan tauraro, domin ya ga abin da muke shirin saki daga hannunmu.

Lissafin da muka gada

Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin cewa watannin Musulunci ba sa tsayawa a kan yanayi guda, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana goma sha ɗaya. Azumi yakan zo a bazara, bayan wasu shekaru ya koma hunturu. Saboda haka domin sha'anin gona sai aka riƙe wani lissafin daban, wato na taurari ashirin da takwas, waɗanda Larabawa ke kira masaukan wata. Wata yana kewaye sama cikin kwana ashirin da bakwai da 'yan awanni, kowane dare yana sauka kusa da ɗaya daga cikinsu. Rana kuwa shekara guda take yi kafin ta ratsa su duka. Aka ba kowane tauraro kwana goma sha uku, aka ƙara wa guda ɗaya kwana guda, lissafi ya cika kwana 365. Bazara, damina, kaka da hunturu kowanne ya sami taurari bakwai. Surayya da Dabaran su ne na ƙarshe a jerin bazara, daga su sai Haƙa'a wadda ke buɗe damina.

Malamanmu na zaure sun ɗauki wannan lissafi da muhimmanci har suka tsara shi cikin waƙoƙin ajami domin almajirai da manoma su haddace. Wani Bature manazarcin adabin Hausa, Mervyn Hiskett, ya wallafa nazari a kan irin waɗannan waƙoƙi tun 1967. A gefen ilimin malamai kuma akwai na ido, wanda ya fi shi daɗewa. Kakana, Allah ya jiƙansa, ba ya karatun ajami, amma idan ya ga kaza ta fara sunkuyawa yamma da almuru a ƙarshen Afrilu, ya san lokacin kammala sharar gona da kai taki ya yi. Idan ta ɓace baki ɗaya, mai binne ya shirya irinsa. Sa'ad da za ta sake leƙowa ta gabas da asuba a watan Yuni, ana sa ran gero ya tsiro, ana maganar firi.

Kimiyya ta tabbatar da abin da idonsa ya gani. Wajen 20 ga Mayu rana kan iso daidai saitin Surayya, a ƙarshen watan kuma ta iso saitin Dabaran, sai haskenta ya rufe su na wasu makonni. Wannan ɓacewa tasu ta yi daidai da lokacin da iskar damina ke isowa kudancin Kano. Ba taurarin ke kawo ruwa ba, alama ce kawai ta lokaci, kamar yadda carar zakara ba ita ke kawo alfijir ba. Malaman Musulunci sun daɗe da raba abu biyu a nan: ilimin da ke da'awar cewa taurari suna da tasiri a kan arziki da ajalin mutum, wanda suka hana, da ilimin lura da tafiyarsu domin sanin alƙibla da lokuta da hanya, wanda suka halatta. Rashin bambance waɗannan biyu ya sa wasu iyaye ke ɗaukar duk mai kallon sama a matsayin ɗan duba. A kan na biyun nake magana.

Yadda za ka gane Burujin Sa

Surayya da Dabaran suna cikin buruji guda, wanda Larabawa ke kira As-Sauru, Turawa kuma Taurus, ma'ana Sa. Yana cikin buruji 88 da Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta amince da su a 1922, aka wallafa iyakokinsu a 1930. Tun wajen shekarar 964 masanin nan Abdurrahman As-Sufi ya zana shi a littafinsa na siffofin taurari, ya bayyana matsayin kowane tauraro da ƙarfin haskensa.

Mu a nan Allah ya ba mu wurin zama mai kyau. Rano da Kibiya suna kan kimanin digiri goma sha ɗaya da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka Burujin Sa yana bi ta saman kanmu ne kusan kai tsaye, inda iska ta fi zama garau. A ƙarshen Disamba da farkon Janairu, da misalin ƙarfe tara da rabi na dare, ka fita bayan gari inda babu fitila. Ka duba kudu maso gabas, za ka ga taurari uku a jere reras kamar an auna su da igiya. Ka bi layinsu zuwa sama, wajen arewa maso yamma, za ka tarar da wani tauraro mai haske, jaja-jaja kamar garwashi. Shi ne Dabaran. Ka ci gaba a kan wannan layi kaɗan, sai ga wani ɗan dunƙule na ƙananan taurari masu ƙyalli. Ita ce kaza da 'ya'yanta.

Kaza: da gaske 'yan gida ɗaya ne

Yawancin taurarin da muke gani kusa da juna ba su da wata alaƙa. Wani yana kusa, wani yana can nesa, ido ne kawai ya jera su. Kaza ta fita daban. Taurarinta an haife su ne tare daga gajimare guda na iska da ƙura, kimanin shekara miliyan ɗari da suka wuce, kuma har yau tare suke tafiya. Bahaushen da ya kira su uwa da 'ya'ya bai yi kuskure ba. Idan aka kwatanta da ranarmu, wadda ta kai shekara biliyan 4.6, 'yan tsaki ne da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba.

Ido yakan ga shida ko bakwai, mai kaifin gani a dare mai duhu ya wuce haka. Da Galileo na Italiya ya ɗora madubin hangen nesansa a kansu, ya zana guda 36 a littafin da ya fitar a 1610. Na'urorin zamani sun ƙirga fiye da dubu. Waɗanda suka fi haske shuɗaye ne, sun fi rana zafi nesa ba kusa ba, kuma babbansu shi ne wanda ake kira Alcyone. A hotunan da ake ɗauka da manyan na'urori ana ganin wani shuɗin hazo kewaye da su. Ƙura ce da gungun ke ratsawa ta cikinta a yanzu, haskensu ke haskaka ta, kamar yadda fitilar mota ke bayyana ƙurar hunturu a hanyar Rano.

Nisan taurari ba a auna shi da kilomita, sai da tafiyar haske. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, a shekara kuma kimanin kilomita tiriliyan tara da rabi. Kaza tana da nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 440. Wato hasken da ya shiga idona da na Baffa a daren nan ya baro gida tun wajajen 1580, fiye da shekara ɗari biyu kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804. Ba mu kaɗai muka ba ta suna ba. Mutanen Japan suna ce mata Subaru, shi ya sa taurari shida ke jikin tambarin motar da ke da wannan suna. Al'ummar Maori ta ƙasar New Zealand suna kiranta Matariki, fitowarta da asuba ita ce sabuwar shekararsu, kuma tun 2022 gwamnatin ƙasar ta mai da ranar hutun ƙasa baki ɗaya.

Dabaran da fuskar Sa

Sunan Dabaran daga Larabci yake, ma'anarsa mai bin baya, domin kullum yana biye da Surayya daga fitowa har faɗuwa. Turawa sun ari sunan suka ce Aldebaran. Shi ne na goma sha huɗu a haske cikin taurarin dare. Nisansa tafiyar haske ce ta shekara 65, wato hasken da muke gani yanzu ya taso ne wajajen lokacin da Najeriya ta sami 'yancin kai a 1960. Idan kaza 'yan tsaki ce, Dabaran dattijo ne. Ya cinye makamashin da ke tsakiyarsa, ya kumbura har faɗinsa ya ninka na rana sau arba'in da huɗu, fuskarsa ta huce zuwa kimanin digiri 3,600 a ma'aunin Salshiyas, alhali ta rana tana wajen 5,500. Wannan hucewa ce ta ba shi launin garwashi. Masana sun ƙiyasta cewa nan da kimanin shekara biliyan biyar ranarmu ma haka za ta koma. Kumbon Pioneer 10 da Amurka ta harba a 1972 ya nufi wajen da Dabaran yake, amma sai ya yi tafiyar kimanin shekara miliyan biyu kafin ya kai yankinsa.

Idan ka ƙura wa Dabaran ido za ka ga yana zaune a ƙarshen wasu taurari da suka yi siffar bakin kibiya, ko harafin V. Wannan ita ce fuskar Sa, Dabaran kuma jan idonsa. Taurarin fuskar gungu ne guda mai suna Hyades, wanda ya fi kowane gungu irinsa kusa da mu, a nisan kimanin shekara 150 ta haske. Haskensu ya taso ne a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. Sun girmi 'ya'yan kaza, domin sun haura shekara miliyan ɗari shida. Dabaran kuwa ba ɗan gidansu ba ne. Bai kai rabin nisansu ba, ya dai tsaya ne a kan hanya tsakaninmu da su. Nakan nuna wa ɗalibaina wannan a matsayin darasi na farko a kimiyya: abin da ido ya haɗa, sai awo ya tabbatar kafin a ce ɗaya ne.

Waɗannan taurari na fuskar Sa suna da wani tarihi da ya faru a maƙwabtanmu. A 1915 Albert Einstein ya fitar da ƙa'idar da ke cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken da ya gifta ta kusa da ita. Ba a iya gwada wannan sai lokacin husufi, sa'ad da wata ya rufe rana, taurarin da ke kusa da ita suka bayyana da tsakar rana. A ranar 29 ga Mayun 1919 aka yi husufin rana, kuma aka yi dace rana tana cikin taurarin Hyades, wato daidai kwanakin da manomanmu ke cewa sun ɓace. Wata tawaga daga Ingila ta tafi garin Sobral na ƙasar Brazil, wata kuma ƙarƙashin Arthur Eddington ta sauka a tsibirin Principe, cikin tekun Gini, kudu da gaɓar Najeriya. Hotunan da suka ɗauka sun nuna taurarin sun ɗan gusa daga matsayinsu. Gushin da Einstein ya lissafa a daidai gefen rana bai wuce kashi ɗaya cikin dubu biyu na digiri guda ba. Aka sanar da sakamakon a Landan ranar 6 ga Nuwamba na wannan shekara, daga nan sunan Einstein ya cika duniya.

Baƙon tauraro na shekarar 1054

Daga fuskar Sa ƙahoni biyu suka miƙe zuwa gabas. A ƙarshen na arewa akwai tauraro mai haske, Elnath, daga kalmar Larabci mai nufin tunkuyi. A ƙarshen na kudu akwai wani da bai kai shi haske ba. Kusa da wannan na biyun ne wani abin al'ajabi ya auku a watan Yulin 1054. Masu lura da sama a fadar sarkin Sin suka rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana inda babu shi a da. Haskensa ya kai ana ganinsa da rana tsaka har kwana 23, da dare kuma ya yi kusan shekara biyu kafin ya dushe. Wani likita ɗan Bagadaza, Ibn Buɗlan, shi ma ya ambace shi, kuma bayaninsa ya iso gare mu ta littafin tarihin likitoci na Ibn Abi Usaibi'a. Bisa lissafin shekarun da aka yi wa littafin Tarihin Kano, a lokacin Bagauda ne ke sarauta. Duk mai ido da ke zaune a gindin duwatsun Rano a wancan zamani, tauraron nan ta saman kansa ya riƙa wucewa.

Yau mun san abin da ya faru. Wani ƙaton tauraro ne ya kai ƙarshen rayuwarsa ya tarwatse. Tarkacensa suna nan a wurin, wani ɗan farin tabo da ba a gani sai da madubin hangen nesa. John Bevis na Ingila ya gano shi a 1731. Charles Messier na Faransa ya ci karo da shi a 1758 yana neman tauraruwa mai wutsiya, ya sa shi lamba ta ɗaya a jerin da ya tsara na abubuwan da ke kama da hazo a sama. Daga baya aka raɗa masa suna Hazon Ƙaguwa, saboda wani zane da aka yi masa ya yi kama da ita. Nisansa kimanin shekara 6,500 ne na haske, faɗinsa ya kai wajen shekara goma sha ɗaya, kuma har yanzu yana buɗewa da gudun kimanin kilomita 1,500 a daƙiƙa. A 1968 aka gano ƙwayar da ta rage a tsakiyarsa. Faɗinta kimanin kilomita ashirin ne, bai kai rabin tafiyar Rano zuwa Kano ba, amma ta fi rana nauyi, kuma tana juyawa sau talatin a kowace daƙiƙa.

A cikin wannan buruji kuma akwai inda ake haihuwar taurari a yanzu haka, cikin wasu baƙaƙen gajimare masu nisan kimanin shekara 450 na haske. A 2014 na'urar ALMA da ke ƙasar Chile ta ɗauki hoton wani jaririn tauraro a can mai suna HL Tauri, kewaye da faifan ƙura mai zobba-zobba, waɗanda masana ke ganin alama ce ta duniyoyin da ke haɗuwa. Ashe ke nan a ɗan filin da tafin hannu biyu za su rufe, akwai jariri, da 'yan tsaki, da dattijo, da kabari.

Darasin da ke cikin labarin 1054 shi ne wanda ya fi damuna. Masanan yau sun san shekarun Hazon Ƙaguwa daidai ne domin wani ma'aikacin fada ya zauna ya rubuta rana da wata da wuri. Tauraron nan na ƙarshen ƙahon kudu, sunan da Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta tabbatar masa a hukumance shi ne Tianguan, sunan da mutanen Sin suka rubuta shi da shi. Tun 2016 ƙungiyar ta kafa kwamiti na musamman domin tattara sunayen taurari daga al'adun duniya. Wanda ya rubuta nasa, shi ake sakawa. Mu fa, me za mu miƙa?

Abin da ke neman kuɓucewa

Abu uku ke cin wannan gado. Na farko mutuwar masu shi. Ni kaina mai laifi ne, domin na yi shekaru ina karanta taurari a littattafan Turawa, ban taɓa zama da kakana da takarda da alƙalami ba har ya rasu. Akwai sunaye da ya riƙa faɗa mini ina yaro a kan tabarma, waɗanda yau ko an sa mini wuƙa ba zan iya tuna su ba.

Na biyu, lissafin da aka raba da ido yakan karkace. Duniya tana layi a hankali kamar katantanwar da yara ke murzawa, zagaye guda cikin kimanin shekara 26,000. Sakamakon haka taurari suna ja da baya daga yanayin shekara da kwana guda a duk shekara saba'in da ɗaya ko da biyu. A shekara dubu hakan ya kai mako biyu, fiye da kwanakin tauraro guda a lissafinmu. Magabata suna gwada lissafi da abin da suka gani a sama. Mu kuwa muna kwafar jadawali daga kalanda zuwa kalanda, babu mai leƙawa waje. Ga kuma sauyin yanayi da ya sa farkon damina ya zama abin fargaba: ruwa ya sauka a yi shuka, sannan ya ɗauke iri ya ƙone.

Na uku shi ne duhun dare kansa. Wani nazari da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar taurarin nan da ke ratsa sama, saboda hasken fitilu. A cikin birnin Kano yaro zai girma bai ga fiye da 'yan taurari ƙalilan ba. Fitilun sola sun iso ƙauyukanmu, kuma alheri ne, domin tsaro da karatun dare da kasuwa duk suna buƙatarsu. Amma fitilar da ke watsa rabin haskenta sama asara ce biyu: ba ta haska ƙasa yadda ya kamata ba, ta kuma shafe taurari.

Kada a ɗauka ilimin manoma tatsuniya ce da ba ta cancanci bincike ba. Manoman dankali a tsaunukan Peru da Bolibiya sun daɗe suna duban wannan kaza tamu da asuba a watan Yuni. Idan ta fito garau su yi shuka a kan lokaci, idan ta fito dishi-dishi su jinkirta. A shekarar 2000 wasu masana uku suka wallafa bincike a mujallar Nature da ya nuna cewa dishi-dishin yana zuwa ne daga wani siririn gajimare na can ƙololuwa, wanda ke yawaita a shekarun da ɗumamar tekun Fasifik ke rage musu ruwan sama. Sai da aka saurari manoman aka rubuta abin da suka ce, sannan aka sami abin gwadawa.

Abin da za mu iya yi

Ba sai an jira gwamnati ta gina katafaren ɗakin hangen taurari ba. Sassan nazarin Hausa da na kimiyya a jami'o'i da kwalejojinmu su haɗa ɗalibai bibbiyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, a tura su garuruwa irin su Rurum da Tarai, su kwana tare da dattawa. Ɗaya ya naɗi suna da karin magana da aikin gonar da ke tafiya da shi, ɗaya ya tabbatar da wane tauraro ake nufi. Wannan aikin kammala digiri ne mai ma'ana, ya fi kwafar abin da aka riga aka kwafa. Masarautar Rano, ta hannun hakimai da dagatai, ta fi kowa sanin inda masu wannan ilimi suke.

Makarantun sakandare na kwana a yankin su ware dare guda a kowane zango, lokacin da babu farin wata kuma hazo ya washe, a fita fili da ɗalibai. Ƙaramin madubin hangen nesa na hannu ya isa ya nuna wa yaro gomman 'ya'yan kaza. A gayyato dattijo guda ya tsaya tare da malamin kimiyya, kowa ya faɗi abin da ya sani. Kowace makaranta kuma ta ajiye littafi guda da za a riƙa rubuta ranar da aka daina ganin kaza da almuru, da ranar da ta sake fitowa da asuba, da ranar ruwan shuka. Bayan shekara ashirin za mu sami abin da za a ajiye kusa da hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Masu kafa fitilun kan titi kuwa, a roƙe su su zaɓi masu hula da ke mai da haske ƙasa.

Kafin in baro gida na koma wajen Baffa da littafi. Muka yi dare uku, yana nunawa ina rubutawa, wani lokaci mu yi gardama a kan wane tauraro yake nufi har sai ya kama hannuna ya daidaita shi da sandarsa. A dare na uku yaron nan mai ƙanwa Surayya ya zo da ita, 'yar shekara tara, ya ɗaga ta a kafaɗa ya nuna mata takwararta. Ta ƙirga da yatsa, ta ce ita takwas take gani. Baffa ya ce, "Rubuta wannan ma, Dakta." Na rubuta, da rana da wata da wuri.